Daga Tiga zuwa Riruwai, lokacin da daji ke fure

Wanda bai san ƙasar Kano ba sai ta wajen Ɗambatta da Bichi da Gezawa zai rantse duk shimfiɗaɗɗiya ce, rairayi da gawo da kuka, sai gero iya ganinka. Bai yi ƙarya ba, amma arewa kaɗai ya gani. In ka kama hanyar Zariya ka wuce Kura, ƙasa takan fara sauya kama sannu a hankali. Jar ƙasa ta karɓi rairayi, duwatsu su fara leƙowa jefi-jefi, ciyawa ta yi tsawo, masara da dawa su ture gero gefe. Kafin ka kai Doguwa, can inda Kano ta zura ƙafa tsakanin Kaduna da Bauchi, ruwan da ke sauka a shekara ya haura milimita 1,000, tsaunukan Riruwai kuma sun ɗara mita 1,000 daga doron teku, fiye da ninki biyu na tudun da birnin Kano ke kai.

Dangin mahaifiyata mutanen can ne, wani ƙauye a gindin duwatsun Riruwai. Yayanta, wanda muke kira Kawu, malamin daji ne, kuma shi ke zuwa birni ya kwashe mu a bayan tsohuwar Fijo a-kori-kura a shekarun 1980. Sunan tafiyar ziyarar Kaka. Amma Kawu ba ya yarda a yi ta a kowane lokaci. Sai ruwa ya fara bankwana, wajen ƙarshen Satumba zuwa farkon Oktoba, lokacin da hanya ta tsane amma ganye bai bushe ba. Yakan ce wa mahaifiyata, "Bar su sai daji ya yi ado, kada su je su ga ƙura su ce sun ga garinmu." Sai da na girma na gane cewa abin da wasu ƙasashe ke sayar wa tikiti su kira shi bikin furanni, shi Kawu ke kai mu gani, ba tare da kowa ya sa masa suna ba.

Zangon farko Bagauda ne da Tiga, a ƙasar Bebeji. A lokacin wuraren nan biyu su ne wurin shan iskar Kanawa masu hali. Otal ɗin bakin tafkin Bagauda yana da ɗakuna a warwatse cikin itatuwa, ana taruka da kwasa-kwasai a cikinsa. Gaba kaɗan ga Tiga, madatsar da aka gina tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka tare Kogin Kano aka tara ruwan da ya doshi kubik mita biliyan biyu. Daga nan ake sako ruwa ta babbar magudana zuwa Kadawa da Kura da Bunkure, inda alkama da tumatir da shinkafa ke fitowa da rani tsaka. A bisa dutsen da ke kallon ruwan aka ɗora otal ɗin Rock Castle. Ranakun hutu za ka tarar da motocin ɗalibai, da angwaye da amarensu, da Kwarori da Turawan Kano da suka zo kamun kifi da ƙugiya ko shiga jirgin ruwa. Mu ba kwana muke yi ba. Kawu yakan saya mana lemon kwalba, mu hau can sama mu tsaya mu ga ruwa ya tafi har ya haɗe da sararin sama. Ni dai ban taɓa ganin ruwa mai yawan haka ba kafin nan, kuma har yau in an ce teku, Tiga ce ke fara faɗo mini a rai.

Harabar otal ɗin cike take da shuke-shuken ado, musamman wata mai ƙaya da ke hawa katanga tana zubo jan fure da ruwan hoda. Mu yara nan idonmu yake tsayawa. Kawu kuwa ba su cika burge shi ba. "Waɗannan baƙi ne," in ji shi, "ran da mai ban ruwa ya yi fashi, sun fara yaushi. Ku zo ku ga 'yan gida." Sai ya gangara da mu bakin ruwa, inda bai yi zurfi ba, wajen masunta da mata masu suyar karfasa da tarwaɗa. Nan bado yake shimfiɗe, faffaɗan ganye a kan ruwa, farin fure mai rawayar ciki a tsaye a tsakani. Dalilin da ya sa yake tayar da mu tun asuba ke nan, don bado da dare yake buɗewa, hantsi na yi ya tsuke. Ya nuna mana cewa ana cin 'ya'yansa, ana cin saiwarsa, ya kuma ce a shekarun yunwa ya rufa wa mutane da yawa asiri. Wani tsohon masunci ya taɓa nuna mana tsakiyar ruwa da baki, ya ce gonar ubansa da kushewar kakanninsa suna can ƙasa. Garuruwa ne sukutum ruwan ya ci, aka sake wa mutanensu matsuguni. Ban manta da wannan ba, kuma ina ganin bai kamata mai yabon Tiga ya manta ba.

Daga nan sai a koma babban titi zuwa Kwanar Ɗangora, a ƙasar Kiru, inda hanyar Jos ke rabuwa da ta Zariya. A nan ake sayen rake da gasasshiyar masara da dafaffiyar gyaɗa, a cika galan da ruwa, a miƙa Tudun Wadan Ɗankadai. Gonaki hagu da dama, kowace da nata furen. Kuɓewa da auduga rawaya, ta audugar ma kan koma ja-ja in ta kwana. Riɗi da fararen furanninsa masu surkin hoda, wake ya yaɗu a ƙarƙashin dawa, yakuwa a kan iyaka ta fara ja.

Wata shekara muka wuce wata gonar dawa da ƙasanta ya rine da shuni-shuni mai haske, tun daga bakin titi har ƙarshenta. Ƙanwata ta buga bayan mota tana cewa, "Kawu, tsaya, ga wadda ta fi kowacce kyau!" Ya kuwa tsaya. Ya shiga gonar, ya tona gindin kara ɗaya da wuƙa, ya ɗago mana shi, sai ga saiwar furen ta maƙale a jikin saiwar dawar. "Wannan ita ce wuta-wuta," ya ce. "Dubi karan, bai kai ƙuguna ba, ga na maƙwabcinsa ya fi ni tsawo. Mai gonar nan bana sai ya sayi hatsi." Daga baya na karanta cewa tushe ɗaya na wuta-wuta yakan zubar da iri dubbai, irin kuma ya yi fiye da shekara goma a ƙasa yana jiran a shuka dawa ko masara. Ta fi kama gonar da ta gaji. Manomi ba ya kallon fure don kyau kaɗai, yana karanta shi ne, kuma tun daga ranar na fara ƙoƙarin koyon karatun.

Makarantar kuwa ita ce Falgore. Tun zamanin Turawa aka keɓe dajin da sunan gandun Kogin Kano, a zamanin Audu Bako aka mai da shi gandun namun daji, faɗinsa ya doshi murabba'in kilomita 1,000, ya taɓa Tudun Wada da Doguwa da Sumaila. Titi ya ratsa ta cikinsa. Kana shiga za ka ji iska ta sauya, ta yi sanyi, tana ƙanshin danyen ganye. Doka da maje da kawo da maɗaci sun haɗa kai, gamba ta fi mutum tsawo, ƙyasuwa ta fitar da jan gashi a bakin kwalta. Birai kan zauna a tsakiyar titi sai mota ta zo daf su tashi. Zabin daji da fakara kam ba a magana. Kawu ya ce ya sha ganin gwanki da ɓauna da mugun dawa can ciki wajen kogi, mu dai sawu kawai muka taɓa gani a laka, kuma ya ishe mu labarin wata guda a makaranta.

A nan yake rage gudu, wani lokaci ya kashe mota gaba ɗaya. A wurinsa kowane wata da furensa, da su yake lissafin shekara. Ruwan farko na sauka, kafin ma a gama shuka, albasar kwaɗi za ta ɓullo a fadama da babban farin fure mai jan zane a tsakiya, ta yi 'yan kwanaki ta kwanta. Da marka sai baurairai, mai hawa jikin wasu itatuwa, furensa ja da rawaya a murɗe ya kalli baya. Ya hana mu ko taɓa saiwarsa, ya ce dafi ce mai kisa. Lokacin da muke zuwa kuwa na kalankuwa ne, ƙananan furanni rawaya da ke rufe gefen hanya da saurukan gona da gangaren tudu, sai ka ga tsauni guda ya koma rawaya tun daga gindi. Da an gan ta an san damina ta naɗe tabarma, a fara gyaran rumbu da wasa lauje.

Amma abin da ya fi ba ni mamaki shi ne da ya ce mana manyan itatuwa ba da damina suke fure ba, sai da rani, lokacin da kowa ke ganin daji ya mutu. Ban gaskata ba sai shekarar da muka koma hutun ƙarshen shekara, cikin hunturu. Daji ya yi toka-toka, an sa wuta a wurare da yawa, ƙasa baƙi ƙirin. A cikin wannan baƙin sai ga rawaya, ita shukar da ake rini da saiwarta, ta fito da fure kai tsaye daga ƙasa, babu kara babu ganye, faɗinsa ya kai tafin hannun yaro. A sama ga gurjiya ta kaɗe ganye tas, ta cika rassa da jan fure mai kauri, yana faɗowa ƙasa tim, mata suna tsince gindinsa su shanya don miya. Ga minjirya ita ma ja wur. Kaɗanya kuwa ba ta da wani kwalliya, fari-fari ne furenta, sai dai ƙanshi, kana nesa za ka ji shi, ka ji gunjin ƙudan zuma a kanta. A irin waɗannan itatuwan ake rataye amya. Can gaba, in zafi ya fara shigowa, ɗorawa ta sauko da tutu, jajayen ƙwallaye a rataye, yara na tsotson zaƙinsu da safe, jemagu na shan nasu da dare. Kawu ya ce in babu jemagun nan babu kalwa, in babu kalwa babu daddawa, don haka kada ya sake ganin ɗayanmu ya harbi jemage da danƙo. Bazara na ƙaratowa marga ta zubo da zangarniyar rawaya, gauɗe ya buɗe fari ya wayi gari ruwan ƙwai. Daga nan sai hadari.

Duk wannan daga kan mutum ɗaya, wanda iyakar karatunsa na boko bai wuce firamare da ɗan kwas na aikin daji ba. Mafi yawan abin da ya sani daga uwarsa ya ji shi, da Fulanin da ke kiwo a gefen gandun, da maharba.

Bayan Falgore sai a ratse a nufi Riruwai. Hanya ta fara hawa, duwatsu suka kewaye ka ta kowane gefe. Garin kuza ne tun kafin zuwan Turawa, mutanensa suna narka ta su zuba ta sirara-sirara fatake su kai kasuwanni masu nisa. Turawa suka zo suka buɗe ma'adinai, aka haƙa har ƙarƙashin dutse, mutane suka taru daga ko'ina, ka ji Hausa ka ji wasu harsuna a kasuwa ɗaya. Lokacin da muke zuwa aikin ya fara ja baya, farashin kuza ya faɗi a kasuwar duniya a tsakiyar shekarun 1980, amma gidajen ma'aikata da ramukan da ruwa ya cika suna nan. Samarin gidan Kaka kan kai mu wajen Zainabi, inda ruwa ke zubowa daga kan dutse, a ƙarshen damina da ƙarfinsa, feshinsa na jiƙa mutum tun bai ƙarasa ba. Da safe hazo kan sauko ya rufe kawunan tsaunuka, sanyi ya sa ɗan birni neman mayafi a watan da Kano ke gumi.

Kaka takan tarbe ni tun daga zaure. "Maigida, sai yanzu? Ina cefanen?" Ni kuma in miƙa mata goron da aka ba ni in kawo. Tana da lalle a bayan ɗakinta, in ya yi fure takan tsinko ta cusa cikin adakar kayanta, shi ya sa zannuwanta ke wani ƙanshi da ban sake jin irinsa a kwalbar turare ba. 'Yan matan gidan sukan tsinko furen kalankuwa su soka a kitso in za su tafi rafi, ƙanana kuma su yi wa 'yar tsanarsu ta kara ado da shi. Ba wanda ya ɗauki wannan wani abu.

Bikin girbi kuwa sai amfani ya shiga rumbu. A shekarar hunturun nan na gan shi. Samari da 'yan matan ƙauyuka suka haɗu a dandali, sarkin samari da muƙarrabansa suka zauna, makaɗa suka kafa kalangu, aka yi kokawa da la'asar, aka kwana ana rawa. Tuwon sabuwar dawa, dambu, rake, gyaɗa, kowa ya ci ya bar saura. Murnar an noma an samu ce, kuma ita ce ta fi kusa da abin da za a kira bikin shekara a wajen.

Na yi dacen zuwa Ɗa'ifa bayan shekaru masu yawa, garin da ke kan tsaunuka gabas da Makka. A watannin Maris da Afrilu ake tsinkar wardinsu tun kafin rana ta fito, a dafa shi a manyan tukwane a tatsi turare, har da shi ake wankin Ka'aba. Sun mai da lokacin biki, mutane na hawowa daga Jidda da Makka da iyalansu don su gani su saya. A Habasha ma, sabuwar shekararsu a watan Satumba tana zuwa daidai da wani ƙaramin fure rawaya da ke rufe tuddai bayan damina, ɗan'uwan namu ne na kusa, yara mata na ɗaure shi dami-dami suna kaiwa gida-gida. Na ji daɗin ganin Ɗa'ifa ƙwarai, amma ina tsaye a cikin gonar wardi zuciyata tana Riruwai. Abin da suka fi mu da shi bai wuce sun san abin da suke da shi ba, sun tsare masa lokacinsa, sun gyara hanyar zuwa.

Mu kuwa abubuwa da yawa sun shiga tsakani. A watan Agusta na 1988 madatsar Bagauda ta ɓalle bayan ruwa mai yawa, ta yi ɓarna. Daga baya otal ɗin ya zama reshen Makarantar Horon Lauyoyi ta Nijeriya, wanda ba laifi ba ne, ilimi ake bayarwa, sai dai wurin shan iska ɗaya ya fita daga hannun jama'a. Zuwa Tiga hutu ya ja baya. Falgore kuma ta yi shekarun da sunanta kaɗai ke sa direba addu'a, saboda ɓarayin shanu da masu tare hanya, har sojoji suka shiga suka mai da wani sashe wurin atisaye. Wanda ke ratsa daji da fargaba ba zai kashe mota don ya nuna wa yaro gurjiya ba. Ga buhunan gawayi jere a bakin titi, kuma kaɗanya da kirya na cikin waɗanda gatari ya fi nema saboda ƙarfin icensu. Ga maganin feshi da ya sauƙaƙa wa manomi noma, ba na ƙin sa, na san wahalar fartanya, amma yana share gefen gona da bakin hanya har da abin da bai yi wa kowa laifi ba.

Kawu ya rasu, Allah ya jiƙansa, Kaka ta riga shi da daɗewa. Abin da ya fi damuna shi ne sunayen. Na tambayi yara a birni, masu wayo da ƙoƙari a makaranta, ko sun san minjirya ko marga ko gauɗe, suka ce ba su taɓa ji ba. Ba laifinsu ba ne, ba wanda ya kai su. Ni kaina abin da na riƙe bai kai rabin abin da aka nuna mini ba, kuma kowace shekara tsofaffin da za a koma a tambaya suna raguwa.

Duk da haka dajin bai daina fure ba. Na bi hanyar a wata kaka ta kusa, na ga kalankuwa ta rufe gangaren tudu bayan Tudun Wada yadda na san ta, na ga bado a gefen Tiga, na sayi zuma a hannun wani dattijo da ya iya gaya mini daga furen da ƙudan ya ɗebo ta. Ba sai an jira gwamnati ta kafa rumfuna ta gayyato manyan baƙi ba. Shugaban makaranta ɗaya da ƙungiyar iyaye za su iya ɗaukar hayar bas a makon farko na Oktoba, su tuntuɓi ma'aikatan gandun tun da wuri a ji lafiyar hanya, a nemi malamin daji ko tsohon maharbi ya shiga motar. Kowane yaro ya riƙe littafi ya rubuta sunan abin da aka nuna masa da amfaninsa. A bar Kano da sallar asuba don a iske bado bai rufe ba, a ratsa Falgore da rana tsaka, a kwana Riruwai. In hali ya yi, a sake komawa da yaran nan a watan Janairu, lokacin gurjiya da kaɗanya.